Manhajar Taki

Ranar kasuwa, gindin tsamiyar Harbo,
aka kafa tebur, aka jona waya da batirin sola.
Layi ya miƙe har bayan rijiya,
kowa da buhu wofi naɗe a hammata,
don an ce yau gwamnati za ta ba da taki.

Ni ina gefe, na ja hula har gira.
Abin da ke cikin wayar nan aikin hannuna ne.
Wata uku a Dutse, ɗaki ɗaya, fanka mai tari,
ni da Zubairu muna ƙera ta
da shayi da biredi da barcin zaune.

Kawu Ɓaidu ya iso gaban tebur.
Yaro ya buga sunansa, allo ya yi ja.
Manhajar ba ta san harafi mai lanƙwasa ba.
Aka miƙe masa ƙugiya, ya koma Baidu,
ta ce babu Baidu a jerin manoma.
To, ɗora yatsa, Baba.
Yatsan da ƙotar fartanya ta yi shekara hamsin tana gogewa,
ina zai samo zane?
Ya lasa, ya goga a riga, ya sake ɗorawa.
Ta ce ba ta ga mutum ba.

Na san inda kuskuren yake kwance,
layi na ɗari biyu da sha huɗu,
kamar yadda uwa ke sanin tabon ɗanta.
Na faɗa wa mai kwangila tun a Dutse:
Alhaji, ba mu gwada ta ba, ƙara mana mako biyu.
Ya ce an riga an buga katin gayyata,
an sayo almakashi, an yi wa makaɗa alkawari.
Na yi shiru. Kuɗin haya na jirana.

Ranar ƙaddamarwa kuwa ta yi aiki tsaf,
don sunaye uku ne, mu muka zuba su,
yatsunmu kuma lumus kamar na jarirai.
Aka tafa.

Ba yau farau ba.
Burtsatsen bakin masallaci, da ruwan tanka aka buɗe shi,
ya yi ta feshi har motoci suka juya.
Kwalbatin hanyar Jahun bai kai ruwa na biyu ba.
Da ina zaginsu a dandali, bakina har kumfa.
Yau na ga ashe ni ma
na zuba yashi inda ake neman siminti.

Inna Tabawa, Allah ya jiƙanta, in ta gina tulu
sai ta ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, kunne a manne.
In ya amsa da muryar mai mura
da kanta take fasa shi a bayan danga,
ba ta bari ya kai kasuwa
ya je ya kunyata ta a kan 'yar wani.
Ba ta yi boko ba.
Wa ke ƙwanƙwasa alkawari kafin ranar zaɓe?
Wa ya ƙwanƙwasa ni?

Da daddare rediyo ya ce dubun dubatar manoma sun amfana.
Kawu ya rage murya, ya ci gaba da cin tuwonsa.
Na kife turmi, na ɗora kwamfuta,
caji saura sha biyu.
Minti bakwai gyaran ya ɗauke ni, bakwai kacal.
Sai dai mabuɗin yana hannun Alhaji,
Alhaji kuma ya fito takara, wayarsa ba ta shiga.

Da asuba na ji kukan jaki.
Kawu ne ya ɗaura mangala, ya nufi ruga
neman kashin shanu,
takin da ba ya tambayar suna.
Bai ce mini komai ba.
Na sa takalmi na bi bayansa da shebur.